Sa'ar Taurari da Haƙƙin Talaka: Abin da Myanmar da Sri Lanka Suka Gani

Duk lokacin da shekara ta zo ƙarshe, kasuwar masu duban taurari takan buɗe a duniya. Jaridu da shafukan intanet sukan cika da hasashen cewa tauraro kaza zai shiga gida kaza, yaƙi zai lafa a wata kaza, shugaba kaza zai faɗi, wani kuma zai hau. A ƙasashen Asiya da addinin Buddha ya yi ƙarfi, irin wannan hasashe yakan fito kafaɗa da kafaɗa da wa'azin limaman addinin a kan tausayi da fatan zaman lafiya ga duniya baki ɗaya. Mai karatu zai ɗauka tafiyarsu ɗaya, tun da kowannensu albishir yake yi da kwanciyar hankali. Ni kuwa ina ganin hanyarsu ta rabu tun daga tushe, kuma wanda ya fi kowa buƙatar sanin inda ta rabu shi ne mai aiki kusa da masu mulki.

Duban taurari tambaya ɗaya yake amsawa: yaushe ne sa'ata? Koyarwar tausayi ita ma tambaya ɗaya take yi: wa zai sha wahala idan na aikata wannan? Tambayar farko tana ɗauke nauyi daga wuyan mutum ta rataya shi a sama, inda ba mai iya kai ƙara. Ta biyu tana sauko da shi ta ɗora wa mai riƙe da alƙalami. Ƙasashe biyu da mafi yawan mutanensu mabiya Buddha ne, wato Myanmar da Sri Lanka, sun gwada duka hanyoyin biyu a harkar mulki, kuma sakamakon yana nan a tarihi ga mai son gani.

Mu fara da Myanmar, wadda a da ake kira Bama. Janar Ne Win ya ƙwace mulki a 1962, kuma ya shahara da yarda da 'yan duba da lissafin lambobi. A watan Satumba na 1987 gwamnatinsa ta soke takardun kuɗi na kyat 25 da 35 da 75 dare ɗaya, ba tare da ba mutane damar canza su ba. Bayan 'yan makonni aka fito da sababbi na kyat 45 da 90, lambobin da ke rabuwa da tara, domin tara ce lambar sa'ar Janar. Mafi yawan kuɗin da ke hannun jama'a ya koma takarda kawai. Ɗalibai sun rasa kuɗin makaranta, 'yan kasuwa sun rasa jari, tsofaffi sun rasa abin da suka tara na shekaru. Mu da muka ga layin banki a farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira, mun san yadda ƙarancin kuɗi ke tsayar da rayuwa, alhali mu an ba mu wa'adin canji. Su ko wa'adin ba su samu ba. Fushin da ya taru ya fashe a 1988, sojoji suka buɗe wuta, dubban mutane suka mutu, Ne Win kansa ya sauka daga shugabancin jam'iyyarsa a watan Yulin wannan shekara. Lambar tara ba ta tsare shi ba, ba ta kuma mayar wa kowa da kuɗinsa ba.

Labari na biyu ya fi kusa da zuciyar ma'aikacin Abuja. Ranar 6 ga Nuwamba, 2005, da ƙarfe 6:37 na safe, jerin motoci ya fara barin Yangon ɗauke da ma'aikatan gwamnati da fayilolinsu, ya nufi wani daji kusa da garin Pyinmana, kimanin kilomita 320 a arewa. Nan ne sabon babban birni, wanda aka bayyana sunansa Naypyidaw a watan Maris na 2006. Rahotanni da dama sun nuna cewa 'yan duban Janar Than Shwe ne suka zaɓi wannan minti. Akwai wasu dalilan da aka kawo na ƙaurar, kamar tsaro da kasancewar wurin a tsakiyar ƙasa, kuma ba dalilai ne na banza ba. Amma a dubi yadda aka yi ta. An sanar da ma'aikata cikin ƙurarren lokaci, da yawa suka tafi suka bar iyalansu a baya, suka tarar da gari wanda ba a gama ginawa ba. An yi lissafin minti daidai, an manta da lissafin makarantar 'ya'yan ma'aikaci da asibitin matarsa.

Mu ma mun sauya babban birni. Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda a 1975, aka yi dokar kafa Abuja a watan Fabrairun 1976, sannan fadar gwamnati ba ta taso daga Legas ba sai 12 ga Disamba, 1991. Ƙaurarmu tana da nata zunuban, kuma mutanen da aka tasa daga ƙasarsu ta gado har yau suna da ƙorafi. Duk da haka akwai rahoto a rubuce, akwai dalilai da aka jera, akwai abin da ɗan ƙasa zai karanta ya ce ban yarda ba. Shawarar da aka yanke bisa rahoto ana iya ƙalubalantarta. Wadda aka yanke bisa tauraro kuwa, da wa za a yi gardama?

A Sri Lanka abin ya zo da wani salo. Shugaba Mahinda Rajapaksa, wanda a zamaninsa aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a watan Mayun 2009, yana da ɗan dubansa na musamman, Sumanadasa Abeygunawardena. A ƙarshen 2014 shugaban ya kira zaɓe tun saura kusan shekara biyu wa'adinsa ya cika, bisa tabbacin cewa lokacin nasa ne. Ranar 8 ga Janairu, 2015, ministansa na lafiya da ya ɓalle, Maithripala Sirisena, ya kayar da shi. Kafin wannan, a 2009, 'yan sanda sun kama wani mai duban, Chandrasiri Bandara, saboda ya yi hasashen da bai yi wa gwamnati daɗi ba. Wannan shi ne cikakken hoton duba a fadar mulki: wanda ya faɗi abin da ake so ya samu muƙami, wanda ya faɗi akasinsa ya kwana a hannun hukuma. Ashe ba labarin sama ake nema ba. Ana neman wanda zai maimaita wa mai mulki abin da zuciyarsa ta riga ta raya masa, da murya mai kama da ta ƙaddara.

Abin mamaki shi ne littattafan addinin Buddha na farko ba su goyi bayan wannan sana'a ba. A cikin tsofaffin nassosin da aka adana da harshen Pali, an jera duban taurari, da hasashen cewa sarki kaza zai yi nasara kaza zai sha kashi, da zaɓar ranar sa'a, a cikin ƙasƙantattun hanyoyin neman abinci da bai dace mai bin tafarkin ya shiga ba. Akwai ma wani tsohon labari a cikinsu na wasu mutanen birni da suka sa ranar ɗaukar amarya daga ƙauye, sannan suka je wurin malaminsu. Shi kuwa ya ji haushin ba a tuntuɓe shi tun farko ba, sai ya ce taurarin ranar ba su da kyau. Suka fasa tafiya. Mutanen ƙauye suka gaji da jira, suka aurar da yarinyar ga wani. Washegari da 'yan birni suka iso, sai rigima. Darasin labarin shi ne, samun amaryar ita ce sa'ar, ga shi an bar ta ta wuce ana kallon sama. A lura kuma da dalilin malamin: taurarinsa sun ɓaci ne domin an taɓa girmansa. Duk hadimin da ya daɗe a gidan gwamnati ya san irin wannan mai ba da shawara.

Mece ce, to, koyarwar da aka ajiye a maimakon duba? Ta ginu a kan halaye huɗu da ake horar da zuciya a kansu: fatan alheri ga dukan mai rai, wanda suke kira metta; tausayin mai shan wahala, wato karuna; farin ciki da nasarar wani; da natsuwar da ba ta karkata ga masoyi ko ta kauce wa maƙiyi. Ba sai mutum ya bi addinin ba kafin ya gane cewa waɗannan halayen alƙali ne nagari da ma'aikaci nagari. Babu ɗaya daga cikinsu da ke jiran wata ko rana. Ana yin su ne yau, a kan wanda ke tsaye a gabanka.

Akwai sarkin da ya mayar da wannan koyarwa aikin ofis. Ashoka ya mulki mafi yawan ƙasar Indiya a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa. Wajen shekara ta 261 ta wancan lissafi ya yaƙi ƙasar Kalinga, kuma shi da kansa ya sa aka sassaƙa a dutse cewa an kashe mutum 100,000, an kwashi 150,000, kuma ya yi nadama. Sarakuna da yawa sun yi nadama a tarihi, amma kaɗan ne suka rubuta wa ma'aikatansu umarni a kanta. Ya sa a haƙa rijiyoyi a gefen hanya, a dasa itatuwa, a tanadi magani ga mutane da dabbobi. Ya ce a kawo masa rahoton al'amuran jama'a a kowane lokaci, ko yana cin abinci. A rubutun da ya bari ga jami'ansa na Kalinga, ya koka da cewa akan tsare mutum ko a azabtar da shi ba da dalili ba, ya lissafa halayen da ke jawo haka, irin su hassada da gaggawa da kasala da zafin rai, ya kuma ce zai riƙa aiko masu bincike duk shekara biyar. A wani rubutun ya ce bukukuwan neman sa'a da mutane ke yi amfaninsu kaɗan ne, bikin da ke da amfani shi ne kyautata wa bayi da barori.

Wani abu a cikin rubutun Kalinga ya cancanci a tsaya a kansa. Ashoka ya umarci a riƙa karanta wa jami'ai wannan gargaɗi a ranar tauraron da suke kira Tishya. Wato shi ma ya dubi sama, amma kalanda ya nema a can, domin kada jami'i ya ce ya manta da ranar da za a tuna masa da haƙƙin fursuna. Manomin ƙasar Hausa da ke lura da fitowar Kaza da 'Ya'yanta don sanin inda damina ta kai, irin wannan amfani yake yi da tauraro. Tauraro yana faɗa masa lokaci, ba ya yi masa noman.

A zamaninmu ma an ga wannan koyarwa ta shiga zauren diflomasiyya. A taron San Francisco na 1951, inda aka ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya da Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wakilin Ceylon, wato Sri Lanka ta yau, shi ne ministan kuɗi J. R. Jayewardene. Jiragen Japan sun kai wa ƙasarsa hari a 1942, amma ya tashi ya ce ba su neman diyya, yana kafa hujja da koyarwar Buddha cewa ƙiyayya ba ta kashe ƙiyayya. A Kambodiya kuma, bayan kisan ƙare dangi na Khmer Rouge, limamin nan Maha Ghosananda ya jagoranci tattakin zaman lafiya a 1992 daga iyakar Thailand zuwa Phnom Penh tare da 'yan gudun hijira masu komawa gida, ta yankunan da aka binne nakiyoyi, ya sake yin wani a 1993 gab da zaɓen da Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya. A Myanmar, bayan gwamnati ta ƙara kuɗin mai a watan Agustan 2007, dubban limamai suka fito kan titi suna karanta addu'ar fatan alheri, suka kife ƙoƙon bararsu, alamar sun daina karɓar sadakar janar-janar. Aka murƙushe su a ƙarshen Satumba. Da guguwar Nargis ta afka a watan Mayun 2008, ta bar kusan mutum 138,000 tsakanin matattu da waɗanda suka ɓace, gwamnati ta yi ta jan ƙafa wajen barin agajin waje ya shiga, gidajen ibadar waɗannan limamai ne suka buɗe ƙofa ga waɗanda suka tsira. A duk waɗannan misalai akwai wanda ya ɗauki asara ko haɗari a kansa. Mai hasashe kuwa, idan ya kuskure, sai ya ce lissafi ne ya zame, ya jira wata shekara.

Adalci ne a saurari masu wani ra'ayi. Za su ce duba ba ya cutar da kowa, kwantar da hankali ne ga wanda duniya ta ruɗa. Za su ƙara da cewa a al'adun Buddha da yawa abubuwan biyu sun daɗe a gida ɗaya, har mutanen Tibet suna da cibiyar da ta haɗa koyar da magani da lissafin taurari, wadda aka kafa a Lhasa a 1916 aka sake kafa ta a Indiya a 1961. Wannan gaskiya ne. Kuma abin da mutum ya yi da ranar aurensa ko ranar tarewarsa tsakaninsa ne da imaninsa. Sai dai ranar da za a soke kuɗin ƙasa, ko a tashi ma'aikatu, ko a kira zaɓe, ba ta mutum ɗaya ba ce. Kwanciyar hankalin da shugaba ya saya a wurin ɗan duba, talaka ne ke biyan kuɗinta, kuma ba a tambaye shi ba.

Akwai suka ta biyu wadda ta fi wannan nauyi. Idan koyarwar tausayi tana da wannan ƙarfi, me ya sa Myanmar ta kori Musulmin Rohingya fiye da 700,000 zuwa Bangladesh daga watan Agustan 2017, har wasu limamai, irin su Wirathu, suka yi shekaru suna hura wutar ƙiyayya? Me ya sa Jayewardene ɗin da ya yafe wa Japan shi ne shugaban ƙasa a watan Yulin 1983, lokacin da aka far wa 'yan ƙabilar Tamil a Colombo, gwamnati ta kasa kare su? Ba a amsa wannan da kwaskwarima. Amsar ita ce tausayi ma yana iya komawa irin duban taurari, idan ya tsaya a baki. Mutum ya karanta fatan alheri ga dukan halitta da safe, ya ji ya sauke nauyi, da rana ya sa hannu a takardar da ta hana maƙwabcinsa shaidar zama ɗan ƙasa. Dokar 1982 da ta bar Rohingya ba ƙasa, ma'aikata ne suka rubuta ta, ma'aikata suka aiwatar. Yafe wa na nesa ya fi sauƙi a kan adalci ga na kusa. Abin da ya bambanta Ashoka shi ne ya haɗa wa tausayinsa mai bincike da wa'adi.

Mu ba baƙi ba ne a wannan magana. Ilmin taurari da bugun ƙasa sun daɗe a ƙasarmu, har wani malamin Katsina, Muhammadu al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna da rubuce-rubucensa a kan lissafi da sirrin haruffa da taurari. Malaman jihadin Sakkwato sun soki masu da'awar sanin gaibu ta waɗannan hanyoyi. Musulmi ya san cewa ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka danganta abin da rasuwar, shi kuwa ya gyara musu cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Kirista ma ya san gargaɗin littafinsa a kan duba. Duk da haka kowa a garin nan ya san yadda kasuwar masu hasashe ke cika idan zaɓe ya matso ko ana jiran jerin sunayen naɗe-naɗe. Wasu da carbi suke zuwa, wasu da wahayin sabuwar shekara, wasu kuma da ƙuri'ar jin ra'ayi da aka dafa a ɗaki. Tufafin sun bambanta, hajar ɗaya ce: ranka ya daɗe, lokacinka ne.

A nan ne aikin hadimi yake. Ne Win bai buga takardar kyat 45 da hannunsa ba, Than Shwe bai tuƙa motar ƙaura ba. Tsakanin mai mulki da talaka akwai dogon layi na manyan sakatarori da daraktoci da mataimaka na musamman, kuma kowannensu yana da damar yin tambaya ɗaya kafin fayil ya wuce teburinsa: wa wannan zai taɓa, kuma me aka tanadar masa? Ba a buƙatar jarumtar fita titi don yin wannan. Ana buƙatar sakin layi ɗaya a cikin takarda, wanda ya faɗi adadin mutanen da shawarar za ta shafa, da abin da za su rasa, da tsawon wa'adin da ya kamata a ba su. Maigida yana iya ƙin karɓa, amma ba zai ce ba a gaya masa ba, kuma tarihi zai tarar da takardar. Hadimin da ya zaɓi ya riƙa kawo albishir kaɗai ya zama ɗan duba, ko da bai taɓa ɗaga kai ya kalli tauraro ba.

Zaman lafiyar duniya kalma ce babba, har takan sa mutum ya ji ba shi da abin yi sai fata. Masu hasashe sun san haka, shi ya sa suke sayar da shekara da wata. Amma a duk misalan da suka gabata, inda aka samu sauƙi, wani ne ya yi wani abu takamaimai: ya yafe diyya, ya buɗe ƙofa, ya aika mai bincike gidan yari. Inda aka samu bala'i kuma, wani ne ya sa hannu bai tambaya ba. A ma'aikatunmu akwai fayil ɗin ɗan fansho da ya shekara yana jiran sa hannu, akwai kuɗin abincin sansanin 'yan gudun hijira da ya maƙale tsakanin ofis biyu, akwai wanda ke tsare yana jiran shari'a fiye da shekarun da laifinsa zai ja masa. Babu tauraron da zai motsa waɗannan. Suna kan teburin wani, kuma mai teburin ya san kansa.